Labarin waɗanda suka taɓa bin tsohuwar hanya mai lamba 66 a Amurka

Direban tirela, Amarillo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina jigilar kaya a kan babbar hanya mai lamba 40, kuma sau da yawa nakan hango wata tsohuwar kwalta da ciyawa ta fasa, tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da tamu. Ita ce hanya mai lamba 66, wadda aka kafa a 1926 daga Shikago zuwa Los Angeles, ta ratsa jihohi takwas a tsawon mil 2,448, har aka soke ta daga jerin hanyoyin tarayya a 1985. Na taɓa ratsewa zuwa Glenrio, a kan iyakar Teksas da New Mexico, na tarar da gidan mai a rufe da masaukin da tagoginsa suka farfashe, ba motsin kowa sai iska. Ina roƙon wanda ya bi ta ya ba mu labari.

Ɗaliba a Tulsa:
Wa alaikumus salam, Malam. A nan Oklahoma hanyar tana nan da ranta, domin ina binta zuwa makaranta. Tsohuwar da nake haya a gidanta ta ba ni labarin yadda danginta suka bi ta zuwa Kalifoniya a shekarun 1930, lokacin da fari da guguwar ƙura suka cinye gonaki, sun ɗaure katifu a kan mota, ba su san inda za su kwana ba. Tun daga ranar nake kallon kwaltar da wani ido dabam.

Dattijo a Arizona:
Allah ya yi miki albarka, 'yata. Abin da ya kashe hanyar shi ne dokar 1956 ta zamanin Shugaba Eisenhower, wadda ta kawo manyan hanyoyin da ke kewaye garuruwa maimakon ratsa tsakiyarsu. An kewaye garin Seligman da ke nan Arizona a 1978, ciniki ya tsaya cak, sai wani mai aski na garin, Angel Delgadillo, ya tara jama'a a 1987 suka kafa ƙungiyar da ta sa jihar ta amince da hanyar a matsayin ta tarihi. Williams shi ne gari na ƙarshe da aka kewaye, a 1984.

Na bi ta da iyalina zuwa Oatman, ta kan duwatsu masu kwana-kwana, inda na riƙe sitiyari da hannu biyu gumi yana keto mini, ina tunanin yadda matalauta suka hau wurin da tsofaffin motoci cike da yara. A cikin garin kuwa jakuna ne suka tare mana hanya, jikokin waɗanda masu haƙar zinariya suka saki, har ɗaya ya cusa kansa ta taga yana shinshina jakar jikata.

Direban tirela, Amarillo:
Na gode, Baba. Tirela ba ta iya waɗannan kwanoni, amma in Allah ya kai mu hutu zan ari ƙaramar mota in fara daga Seligman.