Kati, fayil ko kundi: me za mu kira EHR da Hausa?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Jama'a a kawo mini ɗauki. An ba ni wata takarda in mayar da ita Hausa, shafi shida ce kacal, amma yau kwanana uku a kan jimlar farko. Takardar tana magana ne a kan yadda asibitoci ke amfani da abin da Turawa ke taƙaitawa da EHR wajen auna ingancin kulawar da suke yi wa mutane, da kuma gano yadda marasa lafiya suka ƙare bayan magani. Ma'anar ba ta ɓace mini ba: duk bayanin lafiyar mutum guda, cututtukan da ya yi, magungunan da ya sha, gwaje-gwajensa, allurar rigakafinsa, abin da jikinsa ba ya karɓa, a ajiye cikin kwamfuta maimakon takarda. Sunan ne ya gagare ni. Na rubuta "bayanan lafiya na lantarki", da na karanta a fili sai na ji kamar labarin mutanen da wuta ta ja. Na goge.

Mai ɗakin kati: Wa alaikumus salam. Malam, kana neman wahalar da kanka ne. Na tsufa ina ciro fayil ina mayarwa, ban taɓa jin wanda ya zo ya ce a ba shi "bayanansa" ba. Kati ake cewa. Ka rubuta "katin asibiti na kwamfuta", kowa ya gane, ka wuce jimla ta biyu.

Nas: Baba, a gafarce ni, amma kati bai ɗauki wannan kaya ba. Kati shi ne ɗan guntun nan da mara lafiya ke tafiya da shi gida, mai lamba a jiki. Abin da ke zama wajenku fayil ne. Kuma ko fayil ɗin ma ina da ja a kansa, ga dalilina.

A wani asibiti da na yi aiki, an kwashe watanni ana ɗaukar hoton tsofaffin fayiloli ana zubawa a kwamfuta, aka ce mana shi ke nan mun bar takarda. Rannan sai aka aiko daga sama: a cikin masu hawan jinin da muke dubawa, mutum nawa ne awonsu na ƙarshe ya sauka ƙasa da 140/90? Muka zauna mu biyu, muna buɗe hoto ɗaya bayan ɗaya, muna ƙanƙance ido a kan rubutun likitoci, muna ja wa kowa sanda a bayan wata takarda. Har aka tashi aiki ba mu kai rabi ba. Kwamfuta ba ta san 150/95 ne a jikin hoton ba, ita dai hoto ta gani. To wancan shi ne fayil a kwamfuta. EHR na gaskiya kowane abu da gurbinsa: awon jini da gurbinsa, nauyi da gurbinsa, sunan magani da gurbinsa. Shi ya sa tambayar da ta cinye mana wuni za ta iya fitowa kafin ka ɗauke hannu daga madanni. In aka kira shi kati ko fayil, mai karatu zai ɗauka abin da ya sani ne aka sauya wa ɗaki.

Malamin Hausa: Sista ta yi mana rabin aikin. Bari mu bi abin daki-daki.

"Lantarki" dai a ajiye ta. Kunnen Bahaushe in ya ji lantarki, wuta yake ji. Firji na lantarki ne, dutsen guga na lantarki ne, babu ɗayansu da ke ƙirga masu hawan jini. "Na na'ura" kuma tana sa harshe tuntuɓe, na-na. "Na kwamfuta" ta ishe mu, ko da a waya ake shigar da bayanin, don wayar zamani ai kwamfuta ce ƙarama.

Uwar kalmar kuwa, ni kundi nake gani. Ku tuna asalinsa: tarin takardun da malami ke ɗaurewa wuri guda, duk sa'ad da ya samu sabon abu ya ƙara shafi. Kundi ba ya da ranar kammalawa muddin mai shi yana raye. Na mutum ɗaya ne. Kuma ba kowa ke sa hannu ya buɗe shi ba, akwai sirri a cikinsa. Waɗannan siffofi uku duk EHR yana da su. Ga shi kalmar ba ta tsaya a zaure ba, ta riga ta shiga ofis: muna cewa kundin tsarin mulki, muna cewa kundin digiri. Saboda haka "kundin lafiya na kwamfuta". Kada tsawon ya dame ku, jelar za ta gutsure da kanta. Da muna cewa wayar salula, yau waya kawai muke cewa, ba wanda ke tunanin mai igiya.

Mai fassara: Allah ya ƙara sani, Malam. Amma me ya sa ba "kundin mara lafiya" ba?

Likita: Saboda ba marasa lafiya kaɗai ke da shi ba. Jaririn da aka kawo rigakafi lafiyarsa ƙalau. Mai juna biyu da ta zo awo ba ciwo ya kawo ta ba. Kuma su kansu Turawan suna da kalma biyu da suke yawan cakuɗawa. EMR shi ne wanda ke zaune a asibiti ɗaya, labarin abin da aka yi maka a nan kawai. EHR kuwa an so ya riƙa bin mutum duk inda ya je, daga ƙaramin asibiti zuwa babba, zuwa ɗakin gwaji da wajen karɓar magani. Da Hausa abin ya fi fita sarari ma: na farko kundin jinya, na biyu kundin lafiya.

Sai dai, Malam, akwai giɓi. Kundi na mutum ɗaya ne, inganci kuwa ba a auna shi da mutum ɗaya. In mara lafiyata guda ta warke, ba ka san ko ƙwarewata ba ce ko kwananta ne ke gaba. Sai an tara dubbai a jera. Wurin da kundayen ke taruwa yana bukatar nasa sunan.

Malamin Hausa: Rumbu. Ai an riga an saba da "rumbun bayanai". Kundi na kowa daban, rumbu na kowa da kowa. Jinya a kundi ake yin ta, awo a rumbu.

Likita: Madalla. To ga yadda awon ke tafiya, don mai fassara ya san abin da yake fassarawa. Kowane ma'auni kaso ne, da na ƙasa da na sama. Misali: a ƙasa, duk masu ciwon sukari da asibiti ke kula da su. A sama, waɗanda a cikinsu aka yi wa gwajin HbA1c cikin wata goma sha biyu da suka wuce, wato gwajin da ke nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku. Ta yaya rumbu ke gane mai ciwon sukari? Ta lamba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da jerin lambobin cututtuka da ake kira ICD. A bugu na 10, ciwon sukari nau'i na biyu E11 ne, hawan jinin da ba wata cuta ce ta haddasa shi ba kuma I10. Bugu na 11 ya fara aiki a Janairun 2022, amma ƙasashe da yawa suna kan na 10 har yanzu.

A nan gizo ke saƙa. In likita yana sauri ya rubuta "yana da sukari" a filin da ake zuba bayani yadda aka ga dama, bai zaɓi lambar ba, to wannan mutum ya sulale daga lissafi. Ba ya sama, ba ya ƙasa. Kuma sau da yawa wanda aka yi wa rubutun gaggawa shi ne wanda aka manta da gwajinsa, sai kason asibitin ya fito da kyau fiye da gaskiya. Wannan filin ma ban san sunansa da Hausa ba.

Malamin Hausa: Zube. A adabi muna da waƙa mai ƙa'ida, muna da rubutun zube. Bayani mai gurbi, da bayanin zube.

Nas: Kai, wannan ta zauna daram.

Mai fassara: Saura wadda ta fi ba ni ciwon kai, wato yadda mara lafiya ya ƙare: ya warke, ya rasu, ya dawo asibiti, ko ya koma aikinsa. Na sa "makomar marasa lafiya".

Nas: Subhanallahi! Malam, cire ta. Ka ce wa ɗan'uwan mara lafiya za a tattauna makomar mahaifinsa, ai sai ya fara salati.

Malamin Hausa: Gaskiyar Sista, makoma tana jan hankali zuwa lahira. Akwai "aƙiba", ma'anarta ta dace sosai, amma yaran yanzu sai sun tambaya. "Natija" kuma ta fi zama a bakin malamai. Sakamako ce ta kowa.

Nas: Ita ma da sauran rina a kaba. A asibiti in ka ce sakamako, takardar ɗakin gwaji ake nufi, abin da mutane ke kira rizalt.

Likita: To a bar kalma ta biyu ta raba gardama: sakamakon gwaji daban, sakamakon jinya daban. Ina son "jinya" a nan don ta haɗa ciwon da ɗawainiyar da aka yi da shi.

Kuma wannan kalma ta cancanci a tsaya mata, don ita ce zuciyar takardar. Tun kafin a san kwamfuta ake fama a kanta. Akwai wani likitan tiyata a Boston ta Amurka, Ernest Codman, wanda ya dage sai kowane mara lafiya an buɗe masa kati, a rubuta abin da ya kawo shi da abin da aka yi masa, sannan a bi shi har shekara guda a ga yadda ya ƙare. Abokan aikinsa ba su so ba, har ya bar babban asibitin da yake. A ƙaramin asibitin da ya buɗe da kansa, ya fitar da bayanin mutum 337 da aka sallama tsakanin 1911 da 1916, ya lissafa kurakurai 123, ya buga kowa ya gani. Baba, ka ga shi da kati ya yi nasa.

Daga baya, a 1966, Avedis Donabedian na Jami'ar Michigan ya kasa awon inganci gida uku, har yau a kansu ake tafiya. Na farko abin da asibiti ya mallaka: ma'aikata, gadaje, kayan aiki. Na biyu abin da aka yi wa mara lafiya. Na uku abin da ya biyo baya. Ni da Hausa tanadi, aiki, sakamako nake ce musu. Kundin kwamfuta gwani ne a na biyu, don duk abin da aka danna ya shiga. A na uku kuwa idonsa bai cika gani ba. Wanda aka sallama ya je gida ya rasu, ko aka kwantar da shi a wani asibitin da rumbunsu ba ya magana da naku, a wajenku shiru ne kawai, kuma shiru yana kama da waraka. Alhali na ukun ne abin nema. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Kada kuma a ɗauka lissafin wasa ne, kuɗi na rataye a jikinsa. A 2004 Birtaniya ta ɗaura wani ɓangare na kuɗin likitocin unguwa a kan ma'aunan da ake cirowa daga kundayensu na kwamfuta. Amurka ta yi dokar HITECH a 2009, ta zuba biliyoyin daloli don asibitoci su bar takarda. Daga 2012 kuma Medicare, shirin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka, ya fara zaftare kuɗin asibitin da marasa lafiyarsa ke yawan dawowa gado cikin kwana 30 da sallama, zaftarewar da kan kai kashi 3 cikin 100, kodayake wannan lissafin akasari daga takardun neman biya ake yin sa.

Mai ɗakin kati: Likita, to asibitin da ake turo wa waɗanda suka gagari kowa fa? Dole a fi mutuwa a can. Sai a ce ba su iya aiki ba?

Likita: Ka taɓo babbar magana, Baba. Shi ya sa kafin a gwama asibiti biyu ake sa shekarun marasa lafiya, da sauran cututtukan da suke ɗauke da su, da halin da suka iso a ciki, a fitar da adadin da ake tsammani, sannan a kwatanta da abin da ya faru.

Malamin Hausa: Awon adalci ke nan.

Likita: A'a Malam, kalmar ta yi alƙawarin da lissafin ba zai cika ba. Abin da aka shigar kawai yake gani. Talaucin mutum, ko rashin wanda zai kula da shi a gida, ba kasafai suke da gurbi ba. Kuma asibitin da ya ƙware wajen zuba lambobin cuta sai marasa lafiyarsa su fito kamar sun fi na kowa jin jiki, awon ya yi masa sassauci. Na fi son "daidaita awo da nauyin ciwo". Ba ta da daɗin faɗa, amma ba ta yi ƙarya ba.

Malamin Hausa: Na janye. Fagenka ne.

Mai fassara: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga jimlar da ta hana ni barci, yadda ta tsaya yanzu: "Asibitoci na amfani da kundin lafiya na kwamfuta wajen auna ingancin kulawa da sakamakon jinya." Na karanta wa wani da bai san komai a kan aikin asibiti ba, bai tsayar da ni ba sai a "kundi", da na ce na kowane mutum guda ne sai ya gyaɗa kai.

Mai ɗakin kati: Na karɓi kundi, amma allon ƙofarmu ɗakin kati zai ci gaba da cewa. Ga wata kuma tunda kuna nan. Mutum ɗaya ya zo, aka rubuta sunansa. Bayan wata uku ya dawo ba kati, wani ma'aikacin ya rubuta sunan da bambancin harafi ɗaya, kwamfuta ta buɗe masa sabo. Yanzu rumbun naku yana ganin mutum biyu: ɗaya ya zo sau ɗaya bai ƙara dawowa ba, ɗayan kuma baƙo ne mara tarihi. Kullum sai mun ci karo da irinsa. Me za a kira shi?

Malamin Hausa: Bakina ya kusa cewa tagwayen kundi. Amma bari in kwana a kai, Baba, don tagwaye mutum biyu ne, wannan kuwa ɗaya ne.