Neman kalma: "polirizim" da awon 7/8, yaya za mu ce da Hausa?

Mai Shirin Dare:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ranar Asabar da daddare zan gabatar da shirin minti talatin a rediyo kan kiɗan furog rok da metal, wasu nau'o'in kiɗan jita da ganga na Turawa, kuma jibi ake son in miƙa rubutun. Kalmomi biyu sun tsaya mini a wuya. Ta farko abin da Turawa ke kira taim siginecha, lambobin nan biyu da ake rubutawa ɗaya bisa ɗaya a farkon takardar kiɗa, musamman waɗanda kunne bai saba da su ba, irin 5/4, 7/8, 13/8. Ta biyu polirizim, wato bugu iri biyu ko fiye da ke tafiya a lokaci guda. Zan buɗe shirin da waƙar "Money" ta ƙungiyar Pink Floyd, 1973, inda jitar bes ke zagayawa da bugu bakwai, sai an zo inda jita ke baje kolinta sannan a koma huɗu. Ba na son rabin shirin ya tafi a Turanci. A taimaka.

Mai Nahawu:
Wa alaikis salam. Ta farkon ba ta da wuya, masu nazarin rubutacciyar waƙa sun riga sun share mana hanya: kari, ma'auni, ƙafa. Ki ce "ma'aunin kiɗa". Su kuwa baƙin lambobin da kunne bai saba da su ba, ai muna da cika da mara. Biyar, bakwai, sha uku, duk mara ne. "Ma'auni mara", shi ke nan.

Ɗalibar Adabi:
Malam, a rubuce ya yi kyau, amma rediyo ce. In ta ce "ma'auni mara", mai saurare zai yi ta jira ya ji mara me. Mara kyau? Mara daɗi? Me zai hana a ce wutiri? Kowa ya san shafa'i da wutiri.

Tsohon Malami:
A'a, 'yata. Kalmar da muke kiran sallar dare da ita ba za mu ɗora ta kan kiɗa ba. A bar wannan.

Ɗalibar Adabi:
Gaskiya ne, Baba. Na janye.

Ɗan Ganga:
Ko da ba don sautin kalmar ba, cika da mara ba su kama bakin zaren ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kaɗa gangunan bature, bari in faɗi yadda abin yake a hannu. 3/4 mara ne, amma babu awon da ya fi shi sauƙi, da shi ake rawar walz. 9/8 ma in ka raba shi uku-uku-uku lafiya lau yake tafiya. To amma ɗauki taran nan ka raba ta biyu-biyu-biyu-uku, nan take ƙafarka za ta ruɗe. Sannan ga waƙar "Schism" ta ƙungiyar Tool, 2001: gaɓa ɗaya biyar, ta gaba bakwai. A haɗa, sha biyu ke nan, cika. Amma wa zai ce tafiyarta daidai take? Abin da ke sa kunne ya tsaya shi ne takun da ba su yi tsawo ɗaya ba, gajere, gajere, dogo. Turkawa sun daɗe da sa wa wannan suna, aksak, ma'anarsa mai ɗingishi. Irinsa makaɗin jaz Dave Brubeck ya jiyo a Turkiyya ya zo ya yi "Blue Rondo à la Turk" a 1959. Ni dai shawarata "awo mai ɗingishi".

Mai Shirin Dare:
Wallahi da na karanta sai da na sake kunna "Money", kuma ɗingishin nake ji: huɗu, uku, huɗu, uku.

Tsohon Malami:
Ɗingishi aibi ne. Mai ɗingishi ciwo gare shi. Kuna cewa gwaninta ce, kuma kuna sa mata sunan nakasa. Sannan don me za mu je Turkiyya aro? Mun gudu daga Turanci mun faɗa Turkanci, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Hausa tana da hanyarta ta ƙirar suna, aikatau da suna a haɗe: gagara-badau, hana-ruwa-gudu, kama-karya. A kan wannan turba na ce "saɓa-ƙirga". Gajere ne, na gida ne, kuma ya wadatar da kalmomin biyu. Kiɗan da ya saɓa wa ƙirgar da aka saba, saɓa-ƙirga. Kaɗe-kaɗe biyu da suka saɓa wa juna, saɓa-ƙirga.

Ɗan Ganga:
Allah ya gafarta Malam, ai nan matsalar take. Abu biyu ne, kai, uku ma. Kuma babu wanda ya saɓa ƙirga. Mutanen nan sun fi kowa ƙirga.

Na farko awo mai ɗingishi, kowa a ƙungiyar yana bin sa tare. Na biyu polirizim na ainihi: a cikin lokaci guda hannun dama ya buga uku, hagu ya buga biyu, su tashi tare su sauka tare. Gwada a kan cinyarka: tare, dama, hagu, dama. Na uku shi ne wanda ake yawan kira polirizim alhali polimita ne. A nan saurin bugun ɗaya ne ga kowa, tsawon zagayen ne ya bambanta. Wani yana zagaya huɗu, wani bakwai, ba za su sake haɗuwa a kan bugun farko ba sai bayan bugu 28. Ƙungiyar metal ta Meshuggah, 'yan garin Umeå a Suwidin da suka kafu a 1987, da wannan suka yi suna. Mai gangarsu Tomas Haake yakan riƙe huɗu cak da hannu a kan farantan ƙarfe, ƙafafunsa kuma su bi jitoci cikin wani zagaye mai tsawo dabam, har a kai ƙarshen gaɓa takwas ko sha shida a datse shi a dawo gida. Shi ya sa masu kallo ke iya gyaɗa kai da huɗu ko da ba su san me jitocin ke yi ba. Ƙungiyar King Crimson ma sun yi a waƙar "Frame by Frame", 1981: jita ɗaya tana zagaya 14, ɗayar ta zubar da bugu guda tana zagaya 13, sai su riƙa zamewa daga juna a hankali. In aka kira duk wannan da suna ɗaya, mai saurare bai ƙaru da komai ba.

Baƙon Zaure:
Ni abin da ban gane ba, duk wannan wahalar a kan hayaniyar Turawa? Mutum nawa ne ke jin metal a cikin masu jin Hausa? A ce polirizim kawai a wuce. Wanda ya damu ya san Turanci.

Mai Nahawu:
Wannan maganar ita ke kashe harshe. Kullum a ce wanda ya damu ya san Turanci, sai a wayi gari Hausa ba ta da abin yi sai gaisuwa. Kuma uku-kan-biyun da kake kira na Turawa, shi ne ƙashin bayan kaɗe-kaɗe masu yawa na Afirka ta Yamma. Sun sa masa suna a littafi, ba su suka ƙirƙiro shi ba.

Baƙon Zaure:
To in namu ne, ina sunansa? Ku kawo shi mana, ku daina ƙirƙira.

Tsohon Malami:
Makaɗi ba ya buƙatar suna, hannunsa ya sani. Mu masu bayani mu ke buƙata. Kuma yaro, shekara talatin na yi ina koyar da harshen nan, ban taɓa zuwa inda ya gaza ba. Masu shi ne ke gazawa. Ina nan kan saɓa-ƙirga.

Baƙon Zaure:
Ai kwamfuta ma aro ce, rediyon da za a yi shirin ma aro ce, ba wanda ya mutu.

Mai Nahawu:
Rediyo abu ne da ake gani a taɓa, sunan ya zo tare da shi. Polirizim kuwa in ka faɗa wa wanda bai sani ba, ba ka nuna masa komai ba.

Mai Shirin Dare:
Don Allah a dawo kan magana, lokaci na tafiya. Har yanzu ba ni da ta biyun.

Ɗalibar Adabi:
Yaya, tun da Ɗan Ganga ya yi bayani nake tunanin igiya. Zare biyu, kowanne da hanyarsa, a murɗa su su zama abu ɗaya, kuma in ka duba da kyau kana ganin kowanne. Tufka ke nan. "Tufkar bugu". Sai ki ce tufkar uku da biyu, tufkar biyar da huɗu. Ya hau harshe.

Ɗan Ganga:
Wannan ta zauna. Haka hannu ke ji.

Mai Nahawu:
Na yarda da tufka. Amma "awo" da "ma'auni" sai an zaɓi ɗaya. Na fi son ma'auni don ya haɗu da na waƙa, sai dai na san awo ya fi sauƙin faɗa. Kuma ki kula, kada ki karanta 7/8 "bakwai bisa takwas" kamar lissafin kaso. Ta sama yawan bugu ce, ta ƙasa irin bugun da ake ƙirgawa. A iska ki ce "awon bakwai", ya isa.

Ɗalibar Adabi:
Polimita fa? Na yi tunanin "saɓanin zango": matafiya biyu, taku ɗaya, amma kowa da inda yake ya da zango.

Ɗan Ganga:
Hoton ya yi, sai dai su ba sa hutawa, zagayowa suke yi. "Saɓanin zagaye" ya fi kusa, ko da yake bai yi mini daɗi a baki ba.

Tsohon Malami:
Kun ga? Kun dawo kan saɓa ɗin da kuka ƙi. Tufka na karɓa, kalma ce mai asali. Ɗingishi kuwa ban karɓa ba, kuma ba zan koyar da shi ba.

Mai Shirin Dare:
Na gode ƙwarai, Baba, na gode kowa. Ga abin da zan miƙa: awon kiɗa, awo mai ɗingishi, tufkar bugu. Zan faɗi kalmar Turancin sau ɗaya kawai a farko, don masu son su bincika. Zan kuma ce a shirin akwai masu ganin ɗingishi bai dace ba, a turo mana wata. Polimita zan bayyana shi da jimla, in kunna wa masu saurare Meshuggah su ji da kunnensu, ba zan sa masa suna ba tukuna.

Tsohon Malami:
In za ki ambaci masu ja, ki ambaci saɓa-ƙirga da sunanta. A bar masu saurare su zaɓa.

Mai Shirin Dare:
Zan ambata, in sha Allahu. Ɗan Ganga, ko za ka turo mini sautin uku-kan-biyun nan na daƙiƙa ashirin kafin gobe da yamma? A hankali, yadda mai saurare zai iya bi a kan cinyarsa.