Yaranku sun canza bayan an sare bishiyoyin unguwa?

Maman Ilham:
Salam jama'a, dan Allah ina son jin naku. A layinmu nan Kano akwai wata tsohuwar darbejiya da durumi guda, nan samarin layi suke zama da yamma, dattawa na gefe a kan tabarmarsu. Bara aka sare su aka yi shaguna, tun daga nan yarona ɗan shekara 15 ya koma ɗaki da waya, ga saurin fushi ga rashin barci, magana kaɗan sai ya hau kumbure-kumbure. Ni kaɗai ce ko akwai wanda ya ga irin haka?

Malamin Sakandare:
Hajiya ba ke kaɗai ba ce. Ina koyarwa a Sakkwato, a watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, ajin kwano ne babu silin, wallahi bayan ƙarfe 12 faɗa ba ya ƙarewa tsakanin yara. Ranar da na fitar da su ƙarƙashin dogon yaro sai ki ga sun natsu, har mai rigimar cikinsu yana ɗaga hannu ya yi tambaya.

Ɗan Samaru:
Ni kaina shaida ne. Ina aji huɗu na sakandare babanmu ya rasu, na shiga damuwa sosai ba na iya yi wa kowa magana, gidan kuma cike da mutane ba inda zan zauna ni kaɗai. Sai in shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) in yi ta tafiya ƙarƙashin bishiyoyin nan har wajen dam, in na dawo ƙirjina ya yi sauƙi in iya cin abinci. Da ba ni da wurin nan ban san inda zan faɗa ba.

Abban Sadiq:
Allah ya jiƙan Baba. Amma fa a duba, mu nan Kaduna lambun mangwaron bayan unguwarmu shi ya zama matattarar 'yan shaye-shaye, ko bayan hana kodin a 2018 ba su daina taruwa ba saboda ba babban da ke leƙawa. Sai da muka yi gayya muka share ciyawa, aka sa fitilar sola da ragar ƙwallo, dattawa suka fara zama bayan la'asar, sannan wurin ya gyaru.

Inna Maraɗi:
Duk maganar maza kuke, 'yan mata fa? Su bishiyar tsakar gida ce tasu, nan ake kitso da hira da ƙawaye. Yanzu kowa ya gina gida sai ya malale ko'ina da siminti, 'yata wuni take a ɗaki da zafi.

Malamin Sakandare:
Maman Ilham, in rashin barcin nan ya ci gaba ki kai shi ya ga likita, kar a jira.

Maman Ilham:
Na gode Malam, zan kai shi in sha Allah. Babansu ma zai samu mai unguwa a kan dashe in damina ta kankama, akwai fili gaban masallaci. Wa ya san yadda ake kare dashe daga awaki?