Idan basira ta ɗauke

A fadarmu ta unguwar Wadata, nan Yamai, mun tattauna abin yi idan basira ta ɗauke wa mai zane ko mawaƙi. Wani dattijon baduku ya ce kada a ƙaurace wa wurin aiki: ko sabon ado bai zo ba, a wasa wuƙa, a yanka fata, a gyara tsohon ɗinki, tunani zai biyo hannu. Wannan ta fi shiga raina. Wasu suka ce a leƙa gidan tarihi na Boubou Hama, a zauna wajen maƙeran azurfa. Wata marubuciya kuma ta roƙi matasa su daina auna aikinsu da yabon Facebook, domin yana kashe gwiwa.