Yarona ba ya nutsuwa a aji, ta ina zan fara neman taimakon makaranta?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Yarona yana aji uku a makarantar gwamnati a nan Amurka. Likita ya tabbatar yana da ADHD, larurar nan ta kasa tattara hankali wuri ɗaya. Kansa na ja, amma aikin aji sai ya yi rabi ya bari, takardar aikin gida kuwa sai dai in tsinto ta a ƙasan jaka a cukuikuye. Na yi wa malamarsu magana, ta ce mu ƙara ba shi lokaci mu gani. Har yau ganin ake yi.

Baban 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam, Allah ya kawo sauƙi. Maganar da malama a rubuce kika yi ta ko da baki?

Maman Khalifa: Da baki, lokacin da na je ɗaukarsa.

Baban 'Yan Biyu: To a nan gizo ke saƙar. Maganar bakin ƙofa ba ta ɗaure kowa. Ki rubuta wa shugaban makarantar da ofishin ilimi na musamman na gundumarku, ki sa kwanan wata, ki ce kina neman a yi wa yaron cikakken gwaji a ƙarƙashin dokar IDEA, wato dokar tarayya ta ilimin yara masu buƙata ta musamman. Daga nan ko dai su miƙo miki takardar amincewa ki sa hannu, ko su ƙi su rubuto miki dalilinsu. Dokar tarayya ta ba su kwana 60 daga ranar da kika sa hannu, sai in jiharku ta yanka nata wa'adin. Ko sisi ba za ki biya ba. In suka ce a jira a gama gwada wasu dabaru a aji tukuna, ki ce a ci gaba da gwadawa, amma gwajin ya tafi tare.

Anti Malama: Gaskiya ne, amma bari in ƙara tunda aikina ne. Takardar likita ita kaɗai ba ta sa a ba yaro IEP, wato rubutaccen tsarin koyarwa na musamman da ake tsara wa yaro shi kaɗai. Sai gwajin ya nuna larurar tana taɓa karatunsa har yana buƙatar a koyar da shi ta wata hanya daban. In bai kai nan ba, akwai tsarin 504, wanda ya fito daga wata doka ta 1973. Shi sauƙaƙa wa yaro ake yi: a zaunar da shi kusa da malama nesa da taga, a gutsuttsura masa aiki, a ƙara masa lokaci a jarrabawa, a bar shi ya miƙe ya ɗan taka. Kuma kada a ce miki makinsa ya yi kyau don haka bai cancanta ba. A 2016 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta bayyana wa makarantu cewa cin jarrabawa ba ya hana yaro mai ADHD samun 504.

Maman Ummi: Ni 504 ɗin na karɓa wa tawa, ya fi saurin fitowa, kuma ya wadatar da mu.

Baban 'Yan Biyu: Yaran ne suka bambanta, Maman Ummi. Abin da ya sa na fi son IEP, ana rubuta inda ake so yaro ya kai da yadda za a auna, a sake zama a kai duk shekara, a sake gwaji duk bayan shekara uku. Kuma doka ta sa ki cikin masu tsara shi. 504 a wata makarantar da ɗana ya yi, takarda ce kawai a durowa, sabon malami bai ma san da ita ba.

Anti Malama: IEP ɗin ma yana kwana a durowa in ba a bibiya. Kowanne aka ba ki, ki dubi kalmomin. "A riƙa taimaka masa idan da buƙata" ba komai ba ne, domin wa zai ce buƙatar ta zo? A rubuta cewa malama za ta duba littafin aikin gidansa kullum kafin a tashi. Ki kuma nemi a sa cewa ba za a hana shi fita hutun wasa don horo ba. Yaron da zama ke wa wuya, ka hana shi gudu da rana, ai sauran darasin ranar ka yi asararsa.

Maman Khalifa: Wallahi kullum da wannan ake hora shi. Malamar ma ta taɓa tambaya ko mun fara ba shi magani. Babansa kuma yana tsoron kada a liƙa wa yaro suna.

Anti Malama: Magani tsakaninku ne da likita. Tun gyaran dokar IDEA na 2004 makaranta ba ta da ikon sharɗanta shi kafin ta yi gwaji ko ta taimaka. Batun suna kuwa, ki lallaɓa Baban Khalifa. Yaro ya riga ya samu suna a aji, mara ji ko malalaci, kuma wannan sunan ba ya zuwa da wani taimako. Ku je zaman da makaranta za ta kira tare, in kuna son tafinta ku nema, dole su kawo.

Yaya Babba: Mu a Ingila malamin da ake kira SENCO, mai kula da yara masu buƙata ta musamman a makaranta, ake fara gani. In taimakon makaranta bai isa ba, sai ka rubuta wa ƙaramar hukuma neman tsarin EHC, wato rubutaccen tsarin ilimi da lafiya da kulawa na yaron, mako 20 doka ta ba su. Ƙanwata, a duba masa ido da kunne da yanayin barcinsa ma, yaron da ba ya samun barci sosai hankalinsa yakan ƙara watsewa.

Maman Khalifa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Imel ya isa ko sai na kai takarda da hannu?

Baban 'Yan Biyu: Ki yi duka biyun. Wadda kika kai da hannu, su buga miki hatimin ranar karɓa a kwafinki. In sakamakon gwajin ya fito bai gamsar da ke ba, kina da damar neman wani ƙwararre daga waje ya sake, gunduma ta biya, sai dai in ta kai maganar gaban mai sauraron ƙara ta kare nata gwajin.

Maman Ummi: Ki sa misalin takardar nan ta ƙasan jaka a cikin wasiƙar, irin abin da suke son gani ke nan.