Bishiyar elm mai jure cuta za ta yi a tsakar gida a Kumasi?

Mai gida, Aboabo:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tsakar gidanmu faɗin mita 9 ne, tsawo 12, duk an yi masa daɓen siminti, rana tana dukansa tun hantsi har la'asar. Ƙanena da ke Amurka ya ce akwai wata bishiya a can mai suna elm, inuwarta kamar rumfa, kuma yanzu an samo irin da cuta ba ta kashewa. Yana so ya aiko min da 'ya'yanta in shuka. Za ta yi a nan? In za ta yi, yaya ake dasa ta? Sokawe ɗinmu yana kusurwar gabas, wayar wuta kuma ta bi ta ƙofar gida.

Ma'aikacin gandun daji, Fumesua:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ƙanenka bai yi ƙarya ba game da inuwar, amma ina roƙonka kada ka bari ya wahalar da kansa.

Cutar da yake nufi ita ce wadda ake dangantawa da ƙasar Holan, don a can masu bincike suka gano musabbabinta a farkon shekarun 1920. Naman gwari ne mai suna Ophiostoma. Wani ɗan ƙwaro mai huda ɓawo ne ke ɗauko shi daga mataccen itace ya kai wa mai rai, kuma yana bi ta saiwa idan saiwoyin bishiyoyi biyu suka haɗe a ƙarƙashin ƙasa. Da ya shiga jijiyoyin da ruwa ke bi, sai bishiyar ta toshe jijiyoyin da kanta don ta tare shi, ruwa ya daina hawa. Reshe ɗaya zai fara yin rawaya ya yanƙwane, in ka ɓare ɓawonsa ka ga layi-layi masu ruwan ƙasa, daga nan sauran su biyo. Ta isa Amurka wajen 1930 a cikin gungumen katako. A Birtaniya wani nau'inta mafi zafi ya kashe elm fiye da miliyan 25 daga ƙarshen shekarun 1960.

Irin masu jurewa suna nan da gaske. Akwai Princeton, akwai Valley Forge da New Harmony da aka fitar a Amurka a 1995. Sai dai abu uku. Jurewa suke yi, cutar tana iya kama su su farfaɗo, wani lokaci kuma ta ci ƙarfinsu. Na biyu, ba a yaɗa su da 'ya'ya. Yankan reshe ake kafawa ko a yi musu aure, don ɗan da ya fito daga ƙwaya ba lallai ya gaji juriyar uwarsa ba. Ga shi ƙwayar elm ba ta daɗewa da rai bayan ta faɗo. Abin da zai iso maka a ambulan, ko ya tsiro, ba shi ne abin da aka yaba masa ba.

Na uku shi ne babba. Elm ta Amurka bishiyar ƙasar sanyi ce. Tana zubar da ganye ta yi barci, kuma sai ta sha makonni na sanyi mai tsanani kafin idon tohonta ya buɗe daidai. Hunturunmu na Disamba zuwa Fabrairu bushewa ce da ƙura, sanyin asubarsa bai kai ko kusa da abin da take bukata ba. Za ta iya yin ganye shekarar farko ka yi murna, sannan toho ya riƙa fitowa a rarrabe, ta rame, gara ta ƙarasa ta. Ko da a ce ta yi, itace ne da ke kai mita 20 zuwa 30, gidan mita 9 ba zai ɗauke ta ba.

Kuma shigo da iri ko dashe daga waje sai da izinin sashen kare tsirrai na ma'aikatar noma, wato PPRSD, tare da takardar lafiyar tsiro daga ƙasar da ya fito. Dokar tana da dalili: cutar elm kanta a cikin kaya ta ƙetare teku.

Mai renon dashe, Tafo:

Malam ya gama magana a kan elm. Ni bari in faɗi abin da zai yi.

A fili irin naka bishiya ɗaya tak za ka sa. Ni mangwaro mai aure zan zaɓa maka, don yana karɓar aski, kana iya tsayar da shi a mita 4 zuwa 5, ga inuwa mai duhu shekara duka. Darbejiya ta fi shi saurin girma da jure fari, amma tana son fili. Itacen lemar nan mai rassa hawa-hawa da ake sawa a gidajen mai, Terminalia mantaly, yana da kyau a ido, sai dai saiwarsa a sama-sama take tafiya, ita ke ɗaga daɓe. Maɗaci kuwa bar shi ga filin makaranta ko masallacin idi. Yana girma ƙwarai, kuma akwai tsutsar da ke huda kan tohonsa tun yana ƙarami ta sa ya yi rassa barkatai.

Lokacin dashe shi ne Afrilu zuwa Yuni, bayan ruwa ya zauna. Damina ƙarama ta Satumba ma tana yi, amma hunturu zai same shi bai kafu ba, ban-ruwa zai yi maka yawa.

Fasa simintin aƙalla mita ɗaya da rabi kowane gefe. Masu fasa ɗan gurbi kamar bakin bokiti su ne bishiyarsu ke shaƙewa. Haƙa rami santimita 60 faɗi, 60 zurfi, ka ware ƙasar sama daban da jar ƙasar ƙasa. Kwashe duk ɓaraguzan bulo da ka tarar. Kafin ka dasa, cika ramin da ruwa ka bar shi. In ka dawo washegari ruwan yana nan kwance, wurin ba ya tsanewa, sai ka tara ƙasa ka yi ɗan tudu na santimita 20 zuwa 30 ka dasa a kai, in ba haka ba saiwa za ta ruɓe a watan Yuni.

Cakuɗa ƙasar sama kashi uku da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Ruɓaɓɓe na ce. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, ɗanyen na shanu kuma yana kiran gara. Yanke ledar ka cire ta gaba ɗaya, in ka ga saiwa ta naɗe a gindi kamar gammo, warware ta ko ka datse da wuƙa mai kaifi, don in ka bar ta haka za ta ci gaba da zagaye har ta shaƙe gindin bayan shekaru. Wuyan dashen ya tsaya daidai da fuskar ƙasa yadda yake a leda, gaɓar auren kuma ta kasance a sama da ƙasa sosai. Zurfafa dashe yana cikin abin da ya fi kashe su, kuma a hankali yake kisa, mutum ba ya gane dalili.

Ruwa: rabin galan Kufuor, wajen lita 10, duk bayan kwana biyu a makonnin farko idan ba a yi ruwan sama ba. A hunturun farko galan guda sau biyu a mako. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa kaurin yatsu huɗu, amma ka bar tazarar tafin hannu tsakaninta da jikin itacen saboda gara da ruɓa. Ruwan wanki mai omo da bilic kada ya je gindinsa. Sannan ka kewaye shi da waya ko katako tsayin mita ɗaya da rabi, don tunkiya ɗaya ta layya tana gamawa da shi kafin a sauko daga masallaci.

Magini, Asawase:

Yaya, a ƙara da maganar tazara, don mu ake kira idan bango ya tsage. Daga katanga da harsashin ɗaki a bar aƙalla mita 4, daga sokawe da bututunsa mita 5 ko fiye. Saiwa tana bin danshi, ƙaramin tsagi a mahaɗar bututu ya ishe ta shiga, cikin 'yan shekaru ta cika shi. A faɗin mita 9, tsakiya ce kawai ta rage maka, ka ɗan matsa yamma. Hakan ma ya fi, don ranar la'asar ce ke gasa ɗaki. Ƙarƙashin wayar wuta kuwa kada ma ka fara.

Game da mangwaro ina da ja kaɗan. Ganye da fure suna toshe gota da indararo, 'ya'yan da suka faɗi suna tara ƙuda. Wanda ba zai iya shara kullum ba ya yi tunani.

Mai gida, Aboabo:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Shara ba matsala, akwai yara. To shi mangwaron ba shi da tasa cutar? Kuma ina zan sami dashe mai kyau?

Ma'aikacin gandun daji, Fumesua:

Yana da ita, Alhaji, kuma damshin Kumasi yana taimaka mata. Akwai mai sa baƙin tabo a ganye da fure da 'ya'ya lokacin ruwa, akwai ƙudan da ke yin ƙwai a cikin 'ya'yan su yi tsutsa, akwai farin ƙwaro mai kamar auduga da ke barin ganye ya yi baƙi kamar an shafa masa kunkunniya. Bambancin shi ne waɗannan galibi amfanin suke ɓatawa, ba kasafai suke kashe uwar ba, kai kuma inuwa kake nema.

Maganin farko aski ne. Idan ya kai mita ɗaya, datse kansa ya yi rassa, ka zaɓi uku ko huɗu masu fuskantar ɓangarori daban-daban ka cire sauran. Da yake ana zama a ƙarƙashinsa, riƙa cire na ƙasa sannu a hankali har mutum ya wuce ba sunkuyo. Duk shekara bayan an gama cin 'ya'ya, buɗe tsakiyarsa iska ta ratsa. Yi amfani da zarto, ka yanke dab da kumburin gindin reshe ba tare da ka taɓa kumburin ba. Sara da adda yana barin tsagi, ruwa ya kwanta, ruɓa ta shiga. 'Ya'yan da suka faɗi a tsince a ƙulle a baƙar leda a ajiye a rana kwana biyu-uku, tsutsar za ta mutu. In ka ga kauci ya tsiro a reshe, yanke reshen can ƙasa da inda ya kama, don tsinke shi kawai ba ya hana shi dawowa.

Dashe kuwa, tambayi ofishin noma na gundumarku su nuna maka masu reno da suka sani. Zaɓi mai tsayin santimita 50 zuwa 80, gaɓar aurensa ta warke sarai ba tsagi, ganyen ba tabo. Ɗaga ledar ka duba ƙasanta. In saiwa mai kauri ta huda ta shiga ƙasa har sai an fizge, ya daɗe a wurin, ajiye shi ka ɗauki na kusa da shi.