Filin bayan firamare: mu jira gwamnati ko mu sa hannu a aljihu?

Sakatare: Assalamu alaikum. Ga inda aka kwana a taron jiya. Dagaci ya amince a bar wa matasa filin nan na bayan firamare. Alhaji ya ce kada a karɓi ko sisin kowa da sunan karo-karo, gina wurin wasanni aikin gwamnati ne, mu kai takarda Daura mu jira. Wasu ba su gamsu ba, magariba ta tashe mu. To ga fili ga mai doki.

Alhaji: Ina nan kan bakana. Filin Muhammadu Dikko da Katsina United ke wasa a ciki, wa ya yi masa karo-karo? Gwamnatin jiha ta gina. Tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ga kuma kuɗin ayyukan mazaɓu a hannun 'yan majalisa. Mutumin da tun cire tallafin mai a 2023 yake fama da kwanon gero, shi za ku ce ya kawo kuɗin bulo? In muka yi musu aikinsu, mun koya musu naɗe hannu ke nan.

Koci: Ranka ya daɗe, Katsina fadar jiha ce. Ƙananan hukumomi 34 gare mu, kowace da garuruwanta, kowa da takardarsa a layi. Ka zo da la'asar ka gani da idonka. Sandunan darbejiya biyu ne ragarmu. 'Yan acaɓa sun fitar da hanya ta tsakiyar fili, ana cikin wasa sai a tsaya babur ya wuce. Yanzu kuma wani ya juye tifar yashi a kusurwar gabas. Kafin takardarmu ta fito, filin ma babu.

Auta: Ni dai in za a yi, a yi na gani na faɗa. Ciyawar roba, fitilu, wurin zaman 'yan kallo. Ba a tara mu a kan jar ƙasa a ce an yi fili ba.

Injiniya: Auta, zo mu yi lissafi. Cikakken filin ƙwallo mita 105 ne tsawo, 68 faɗi, wato murabba'in mita 7,140. In ciyawar Allah za a shuka, ko milimita 5 kawai za a ba ta a yini, lita 35,700 ke nan, jarka mai lita 25 sama da 1,400 kullum. Damunarmu kuwa daga Yuni zuwa Satumba ce, sauran watannin rijiyar burtsatse za ta ɗauki nauyi, ga unguwar Gabas na layin ruwan sha. Ta roba ba ta shan ruwa haka, amma a zafin Afrilu ba ta takuwa da rana, kuma bayan shekara 8 zuwa 10 sai an ɗaye an sake. Wa zai saya ta biyun? Shawarata a baje ƙasa da gireda, a ba ta ɗan gangare don ruwa ya wuce, a danne. Katanga ita ce babban kuɗi. In aka zagaye mita 120 da 90, tsawon katanga mita 420 ne. A tsayin mita 2.4, bulo wajen 10,000, ban da harsashi da ƙofa.

Alhaji: To kun ji. Bulo dubu goma. Injiniya ya gama mini magana.

Injiniya: A'a Alhaji, ban ce rana ɗaya ba. Ɓangaren titi kawai za a fara, sauran a kafa turakun siminti a shuka itatuwa.

Baba Akawu: Yara, duk kun tsallake gaba. Dagaci mutumin kirki ne, Allah ya ƙara masa lafiya, amma amincewar baki ba ta tsayawa a gaban alƙali. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna. Ta cikin birni shi ke ba da shaidar mallaka, ta karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar izinin riƙe fili. Sannan in filin na cikin harabar makaranta ne, sai hukumar ilimi ta sa baki. Ƙungiyar nan tamu ko rajista ba ta da ita. Sai an yi mata rajistar amintattu a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, kafin ta mallaki fili da sunanta ko ta buɗe asusun banki. Abin da na gani a zamanin aikina shi ne, ɗan majalisa ya fi son inda zai zo ya tarar da takarda da zane da lissafi a shirye, ya ɗora nasa ya kafa allo. Wanda ya je hannu rabbana, sai a ba shi riguna da ƙwallo biyu a ɗauki hoto.

Koci: Wallahi Baba kamar kana wurin. Rigunan ma da hoton mai bayarwa a ƙirji.

Malama: Ina ta karantawa, ƙwallon ƙafa, ƙwallon ƙafa. 'Yan matanmu fa? Filin ƙwallon raga mita 18 ne da 9, ko kusurwa ɗaya ya ishe shi, a kange shi a yi masa ƙofarsa daban. Iyayenmu mata da likita ke cewa su riƙa tattaki saboda hawan jini da suga, ina za su? Bakin titi? A bar musu hanya a gefen katanga da safe. Kuma banɗaki da famfo su zo kafin fitilun Auta. In an yi haka, ni zan shiga gida-gida in yi wa matan adashi magana. In ba a yi ba, kada a turo mana rasit.

Auta: Anti, ai ban ce a hana su ba.

Malama: Ba ka ce a ba su ba dai.

Alhaji: Ku bar batun gini. A ce an gina. Wa zai biya mai gadi? Wa zai gyara famfo in ya lalace? Gine-gine nawa muka gani an buɗe da kiɗa, bayan damina biyu awaki sun gaje su? Kuma kuɗin jama'a ba su da uwa. An taɓa karo-karon magudanar ruwa a garin nan, ku tambayi manya yadda aka ƙare.

Ma'aji: Wannan tambayar ta fi ta farko ƙarfi, Alhaji, kuma ita ce ma ta sa nake ganin jiran gwamnati ba mafita ba ne. Gwamnati tana gini ta tafi, kula kuma sai mai abu. Katangar titin nan a yi ta da shaguna, bayansu ya zama katanga, gabansu ya kalli hanya. Hayarsu ta riƙe mai gadi. A yi rumfar kallon ƙwallo mai sola. Bayan girbi a sa dambe da kokawa da langa, a karɓi kuɗin ƙofa, mutanen Mai'adua da Sandamu ma za su zo. Kuɗi kuma kada su kwana a aljihun kowa, har ni. Asusu mai sa hannun mutum uku, duk wata a liƙa takardar banki a nan kowa ya gani.

Liman: Kokawa da langa ba laifi. Amma in dambe zai zo da caca da kiɗa har tsakar dare a bayan makaranta, ban yarda ba. A rubuta a ƙa'ida tun yanzu: an kira magariba, an rufe ƙofa.

Koci: Allah gafarta Malam, gidan kallo fa? Wasannin Turai na tsakiyar mako bayan isha'i ake bugawa.

Liman: Sai a fitar da ƙofarsa ta titi. Wannan a zauna a kai.

Alhaji: Shagunan kuma wa za a ba? Nan ma rigima ce. Ni dai bulo ba zan saya ba sai na ga hatimin ƙaramar hukuma a kan takarda. Amma zuwa sakatariya, motata na nan, Baba Akawu ya sa rana.

Baba Akawu: Litinin, ƙarfe 9. Sakatare ka taho da takardar Dagaci a rubuce, da sa hannun masu unguwa. Injiniya ka zana mana iyakoki ko a fallen takarda ne.

Koci: Yashin nan fa na kusurwar gabas? Kowa ya yi shiru a kansa.

Alhaji: Na ɗan ƙanena ne. Zan kira shi yau.